Kazar gida ko injin ƙyanƙyasa: wa za ka damƙa wa ƙwan Brahma?

Shekarar da na fara kiwon kajin Brahma, ƙwai 30 na jera a cikin inji. Na yi kwana 21 ina leƙe ta gilashi kamar mai jiran haihuwa, 'yan tsaki huɗu suka fito, a cikinsu ma ɗaya yatsunsa a murɗe, bai yi mako ba ya mutu. Na zagi injin, na zagi wanda ya sayar mini da shi a zuciyata, na kwashe sauran ƙwai 26 na zuba a rami ban fasa ko ɗaya ba. Wannan zubarwar ta fi mutuwar 'yan tsakin zama asara, domin bayanin abin da ya faru yana cikin ƙwayayen nan, ni kuwa na tura musu ƙasa.

Tun daga lokacin, duk wanda ya shiga kiwon kajin ado, Brahma ne ko Orpington ko Silkie, tambayar da yake fara yi mini ita ce: in sayi inji ne, ko in nemi kazar gida in sa mata? Akwai amsa, kuma zan faɗi wadda na fi karkata gare ta. Amma sau da yawa mai tambayar yana neman magani ne a inda ciwon ba ya nan.

Ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba iri biyu ne

Akwai ƙwan da tun farko babu komai a cikinsa, wato zakara bai taka kazar ba, ko ya taka amma bai kama ba. Akwai kuma wanda ya kama, ɗan tsako ya fara, sai ya mutu a hanya. Na farko ba laifin inji ba ne, ba kuma na kazar da ta kwanta ba ne. Ko injin da ya fi kowane tsada ka sa shi, haka zai fito. Na biyun ne kaɗai zaɓinka tsakanin kaza da inji yake da tasiri a kai, shi ma ba duka ba.

Rarrabe su ba ya bukatar komai sai tocila mai haske sosai da ɗaki mai duhu. A rana ta 7 zuwa ta 10, ka dunƙule hannu a bakin tocilar, ka ɗora ƙwan ta ɓangarensa mai faɗi. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan duhu a tsakiya, wani lokaci har motsi yake yi. Wanda babu komai zai yi garau, sai inuwar gwaiduwa tana yawo. Wanda ya fara ya mutu kuwa za ka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, babu jijiyoyi. Ƙwan Brahma ɓawonsa ruwan ƙasa ne, ya fi farin ƙwai wuyar gani, don haka kada ka yanke hukunci a rana ta 5, ka ba shi har ta 10.

Kafin ma ka sa ƙwai a ko'ina, ka sadaukar da uku ko huɗu, ka fasa a faranti. A jikin gwaiduwa akwai ɗan farin ɗigo. Idan ƙarami ne a dunƙule, gefensa ba daidai ba, ƙwan ba shi da zakara. Idan ya ɗan fi faɗi, ya yi zobe da fili a tsakiya, ya kama. Ka soya su ka ci, ba ka yi asara ba.

Dabarar da ta warware mini tawa matsalar ita ce wannan: a zubi na biyu na haɗa ƙwan Brahma da ƙwan kajin gida na maƙwabciyata a inji ɗaya, rana ɗaya, na yi wa kowanne alama da fensir. Na gida suka fashe kusan duka, na Brahma fiye da rabi suka nuna garau tun a haskawa. Injin da na zaga ba shi da laifi. Zakarana ne, wanda nake ta nuna wa baƙi ina alfahari da girmansa.

Me ya sa tsantsar iri ke ba da wahala?

Brahma kaza ce da aka daidaita irinta a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, daga manyan kajin da aka shigo da su daga ƙasar Sin. Zakaranta yakan kai kilo 5 ko fiye, macen kilo 4 da wani abu. Orpington kuwa William Cook ne ya fito da ita a Ingila a 1886. Duka biyun kajin ƙasar sanyi ne, an zaɓe su ne saboda girma da cikar gashi, kuma waɗannan abubuwa biyu da suke sa mu biya kuɗi mai yawa su ne suke hana ƙwai kamawa.

Ka ɗaga wutsiyar Brahma ko Orpington ka duba. Gashi ne mai laushi cunkus ya rufe duburar, na zakara da na kaza. Su kuwa kaji barbararsu haɗuwar dubura da dubura ce ta 'yan daƙiƙoƙi. Zakara zai hau, ya sauka, ya yi cara, kai kana gani kana murna, alhali gashi ya taɓa gashi ne kawai. Idan kashi ya manne a gashin, abin ya ƙara lalacewa. Maganinsa almakashi: a rage gashin da ke kewaye da duburar, na zakara ta ƙasa, na kaza ta sama da gefe, a yanke a hankali, kada a fige. Masu kiwon waɗannan irin a ƙasashen da suka fito sun daɗe suna yin haka lokacin tara ƙwai. Kazar za ta ɗan rage kyau a hoto, amma gashin zai dawo idan ta sake gashi. Ni wannan kaɗai ya canja mini lissafi fiye da duk wani magani da na saya.

Sai nauyi da ƙiba. Muna son zakara ya cika ido, sai mu yi ta tura masa masara da dusa, ga shi a ɗan keji ba ya motsi. Zakaran da ya yi teɓa ba ya son hawa, in ya hau ma ba ya daidaita. Kaza mai kitse ita ma ƙwanta yana raguwa. Ka duba tafin ƙafarsa kuma, domin kaji masu nauyi suna yawan samun kumburi a tafin ƙafa, musamman a kan siminti ko idan sandar kwanansu ta yi tsawo, kuma zakara mai ciwon ƙafa ya ajiye aiki ke nan. Yawan mata ma yana da iyaka. Zakaran gida mai zafin nama zai iya da kaza 10 zuwa 12, na Brahma kuwa huɗu zuwa shida sun ishe shi. Kuma Brahma ba ta saurin balaga. Zakara ɗan wata biyar yana iya yin jiki kamar ya isa, amma ka jira ya haura wata bakwai ko takwas kafin ka dogara da shi.

Zafi shi ne wanda ba mu da yadda za mu yi da shi sai lallaɓawa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi suke haura digiri 40, zakara mai wannan bargon gashin ba ya tunanin kaza, baki buɗe yake wuni, fukafukai a saki. Maniyyinsa ma yana raguwa yana kuma lalacewa, kuma ko zafin ya sauka sai ya ɗauki makonni kafin ya koma daidai. Wanda ya tara ƙwan Brahma a Afrilu ya ga rabi garau, kada ya nemi dalili a nesa.

Akwai kuma wanda masu sayarwa ba sa son a taɓo: dangantaka. Yawancin masu farawa namiji da mace suke saya a hannun mutum ɗaya, daga ƙyanƙyasa ɗaya, wato wa da ƙanwa. Shi ma mai sayarwar haka ya samo nasa. Bayan zuriya biyu ko uku sai ka ga ƙwai yana kamawa amma 'yan tsaki suna mutuwa a cikin ɓawo, waɗanda suka fito kuma ba ƙwari, ga karkataccen baki, ga murɗaɗɗun yatsu. Idan za ka sayi kaji, sayi matan a wuri ɗaya, zakaran a wani gari daban, ka kuma tambayi mai shi inda ya samo iyayen. Sau da yawa za ka tarar duk bakin rijiya ɗaya aka sha.

Wasu irin kuwa a jininsu matsalar take, ba yadda za a yi a kauce mata gaba ɗaya. Chabo, 'yar ƙaramar kazar Japan mai gajerun ƙafafu, idan aka haɗa gajere da gajera, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan da ya kama yana mutuwa a ciki, domin ɗan tsakon da ya gaji gajartar daga uwa da uba duka ba ya rayuwa. Araucana mai tuntun gashi a kunne ita ma haka take, sai dai nata sukan mutu ne dab da fitowa. Wyandotte kuma zakarun da suka gaji shimfiɗaɗɗen zankon da ke kansu daga uwa da uba duka maniyyinsu ba ya da kuzari sosai. Wanda yake kiwon waɗannan ya san da haka, kada ya canja inji uku yana neman abin da ba zai samu ba.

Abinci zan taƙaita. Abincin kaji masu ƙwan ci an haɗa shi ne don kaza ta yi ƙwai da yawa, ba don ƙwan ya rayar da ɗan tsako ba. Ƙarancin bitamin B2 yana kashe ɗan tsako a tsakiyar kwanci, ko ya fito da yatsu a naɗe. Ƙarancin bitamin E yana rage wa zakara ƙarfin iri. Ka nemi abincin iyayen kaji, ko ka ƙara musu bitamin na iyaye mako uku zuwa huɗu kafin ka fara tara ƙwai, da ɗanyen ganye irin zogale. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna kuwa guba ce, tana rage kamawa tana kuma kashe na cikin ƙwai, ko da kajin ba su nuna alamar ciwo ba.

Tsakanin kaza da kwanci: ajiyar ƙwai

Nan ne kaza da inji suka fara rabuwa, tun kafin a kunna komai. Ƙwan ƙyanƙyasa ya fi kyau a sa shi cikin kwana bakwai da yin sa. Bayan haka kowace rana tana cin wani abu daga cikinsa. Wurin ajiya kuma ana so ya yi sanyi, tsakanin digiri 13 zuwa 18, tsinin ƙwan yana kallon ƙasa. To ina ɗakin da yake da wannan sanyin a Katsina ko Zinder in ba cikin hunturu ba? A ɗaki mai digiri 33, ƙwan ya riga ya fara tafiya a hankali, tafiyar da ba ta kai ba ta kuma tsaya ba, kafin ka sa shi a inji ya gaji. Firji kuma ya yi masa sanyi da yawa. Abin da ya rage mana shi ne gindin randa, ko dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana rage zafi sosai lokacin rani, da sharaɗin kada ruwa ya taɓa ƙwan.

Yanzu ka yi lissafi. Kana da kaza uku, a mako suna ba ka ƙwai 10 zuwa 12 in an yi sa'a. Injinka na ƙwai 56 ne. Kafin ka cika shi ka haura wata guda, na farkon sun tsufa. In kuma ka riƙa sa su kaɗan-kaɗan duk mako a inji ɗaya, ranar da na farko suke bukatar laima mai yawa da daina juyi, na baya suna bukatar akasin haka. Kazar gida kuwa ƙwai shida zuwa takwas na Brahma take rufewa, daidai abin da kajinka uku za su tara a kwana huɗu ko biyar. Girmanta ya yi daidai da girman garkenka.

Kazar gida

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai har ta fitar, kuma na zabi ya fi na kaza daɗewa da kusan mako guda. Wadda ta iya da wancan, kwana 21 ba zai gagare ta ba.

Abin da take yi wanda inji mai araha ba ya iyawa shi ne lura. Tana juya ƙwai sau da yawa dare da rana. Idan gari ya yi zafi takan ɗaga jiki ta tsaya a kansu, idan ya yi sanyi ta danne. Ba ruwanta da ɗauke wuta. Bayan sun fito kuma ita ce murhu, ita ce malama, ba sai ka kunna gawayi ko ƙwan lantarki ba, ba sai ka tsoma bakin kowane ɗan tsako a ruwa ba. A ƙwan tsantsar iri, wanda tun asali ɗan tsakonsa ba shi da ƙarfin na gida, wannan daidaiton yana fitar da waɗanda da a inji mai tangal-tangal ne da sun mutu.

Amma a zaɓi kaza. Ita Brahma kanta takan yi kwanci, sai dai nauyinta yana fasa ƙwai yana kuma take 'yan tsaki, ga shi kowane kwanci yana cinye maka watanni na ƙwai mai tsada. Noiler da kajin gona masu ƙwai ba su cika kwanci ba, an riga an cire musu wannan ɗabi'ar. Kazar Hausa ta ainihi ake nema, wadda ta taɓa fitar da 'ya'ya ta raine su, ba budurwar kaza mai kwancin farko ba. Silkie ma gwana ce, kwanci kamar sana'arta ce. Idan kaza ta nuna alama, ta kumbura tana gurnani in an kai hannu, a gwada ta da ƙwan banza kwana biyu ko uku tukuna. In ta zauna daram, da dare a zare su a sa mata na Brahma, a tabbata duk sun shige ƙarƙashinta. Ƙwan da yake leƙowa ta gefe yau, gobe wani ne zai leƙo, a ƙarshe duka sun sha sanyi bi da bi. Kwaɗayin ƙara biyu yakan jawo asarar takwas.

Aibinta na farko shi ne ba ta da kalanda. Ƙwanka yana hannu yau, ita kuma sai ta ga dama. Shi ya sa masu bin wannan hanya ba sa ajiye kaza ɗaya, sukan ajiye huɗu ko biyar don a dace da ɗaya. Na biyu, tana iya tashi a rana ta 12 ta ƙi komawa, kuma yawanci ƙuma da ƙwarƙwata ne suke korar ta. A yi mata maganinsu kafin ta fara, a share akurki, a ajiye mata toka da yashi ta yi birgima. Na uku, sauran kaji suna shiga su yi ƙwai a kanta, garin turereniya a fasa naka, don haka a ware ta, a kuma yi wa ƙwanka alama. Sai ɓera, da gafiya, da maciji, da muzuru. Akurkin da ba ya rufuwa da dare bai cancanci ƙwai mai tsada ba.

Aibin da ya fi damuna shi ne cuta. Kazar gida takan ɗauki ciwo a jikinta tana yawo lafiya lau, 'yan tsakin baƙon iri kuwa ba su da wannan juriyar. Kada ka sayo kaza a kasuwa yau ka sa mata ƙwai gobe. Ta zama taka ce, ta daɗe a gidanka, an yi mata rigakafin cutar Newcastle. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin I-2, wanda ya fi sauran jure zafi kuma ana ɗiga shi a ido, ya dace da mai kaji kaɗan. Wani abu kuma: idan kana ajiye kajin gida don kwanci, kada zakaran gida ya kusanci matan Brahma. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har wajen mako uku. Tsallake katanga sau ɗaya ya isa ya ɓata maka zubi guda, ka sayar wa mutum ruwa biyu da sunan tsantsa ba ka sani ba.

Inji

Inji yana ba ka abin da kaza ba za ta taɓa ba ka ba: yawa da lokaci. Ranar da ka so ka zuba, adadin da ka so, 'yan tsaki su fito rana ɗaya, sa'o'in juna, ka yi musu rigakafi tare, ka sayar tare. Idan ana wanke shi da kyau tsakanin zubi da zubi, yana kuma raba 'yan tsaki da ƙwari da cututtukan manyan kaji. Ban ce duka ba, domin akwai waɗanda ta cikin ƙwai suke bi daga uwa, irin farin zawon 'yan tsaki da ciwon numfashin nan mai sa kumburin fuska. Waɗannan sai an gyara iyayen.

Abin da yake nema a wurinka shi ne lambobi, kuma ba ya yafiya. Inji mai fanka zafinsa digiri 37.5 zuwa 37.8. Laima kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har rana ta 18, daga nan a ɗaga zuwa 65 ko 70, a daina juyi, a daina buɗewa. In ba mai juya kansa ba ne, sau uku zuwa biyar a rana da hannu. Kada ka yarda da lambar da ke jikin allonsa sai ka gwada. Ka kunna shi kwana guda babu ƙwai, ka sa ma'aunin zafi na asibiti a daidai tsayin ƙwan, ka kwatanta. Ƙananan injunan da suka cika kasuwa sukan yi kuskuren rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri na kwana 21 ba wasa ba ne. 'Yan tsakin da kansu za su gaya maka: in sun fara fitowa a rana ta 19 ko 20 da cibiya a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun kai 22 ko 23 suna jan jiki, ya yi kaɗan.

Kowa wuta yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Wanda ba shi da sola da batir, ko inji mai aiki da batir kai tsaye, kada ya fara, janareta na kwana 21 zai cinye ribar. Sai dai ɗauke wuta na awa biyu ko uku bai cika kashe ƙwai ba, a rufe injin da bargo a bar shi, ita ma kaza tana tashi ta ci abinci. Abin da ke kashewa da sauri shi ne zafi ya wuce kima, kuma nan ne inda injin yake da rauni a ƙasarmu. Shi dumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, da azahar ɗakin kansa ya kai 40, injin ya kashe wutarsa yana ta ƙara, lambar kuma ba ta sauka. Ga shi daga mako na biyu ƙwan da kansa yana fitar da zafi. Na taɓa tsayawa a kan inji da mafici da jiƙaƙƙen tawul ina kallon 39.6, ba abin da na iya. Wanda zai yi ƙyanƙyasa da bazara ya nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, ya ajiye injin a ƙasa nesa da taga.

Laima ita ma takardar da ke cikin kwali ba ta san Arewa ba. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, ruwan injin yana ƙafewa da wuri, fatar cikin ƙwai ta bushe ta naɗe ɗan tsako. Za ka ji yana kuka, ya huda ɓawo, ya kasa juyawa, ya mutu a nan. Buɗe murfi don a leƙa a kwanakin ƙarshe yana ƙara wannan. Da damina kuwa akasin haka ne, a watan Agusta iskar da kanta ta jiƙe, in ka cika ruwa yadda takarda ta ce, ƙwan ba zai rage ruwan jikinsa ba, ɗan tsako ya cika ya kumbura, ya rasa iskar da zai fara shaƙa. Ma'aunin gaskiya shi ne ƙwan kansa. Ana so ya rage kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa rana ta 18, wato mai giram 60 ya koma wajen 53. Ƙaramin sikelin kicin ya isa. In babu, ka riƙa duba ramin iskar da ke ɓangare mai faɗi da tocila, ka zana iyakarsa da fensir a rana ta 7, ta 14 da ta 18, ka ga ko yana girma.

Damina tana da wani sharrin ga Brahma musamman. Gashin ƙafarta yana kwaso taɓo da kashi ya kai cikin gurbin ƙwai. Ƙwai mai datti kada a wanke shi, wanki yana cire kariyar da ke jikin ɓawo. Kada kuma a sa shi a inji, domin baragurbi ɗaya in ya fashe a ciki ya shafa wa sauran, warin kuma sai ka yi mako kana jin sa a hanci. A riƙa canja shimfiɗar gurbin, a kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana.

Akwai hanya ta uku, kai ƙwai wurin masu manyan injuna su ƙyanƙyashe maka ka biya. Injinsu yakan fi naka daidaito, wutarsu ta fi tsayawa. Amma ƙwanka zai zauna da na mutane da yawa da ba ka san lafiyar kajinsu ba, zai sha girgizar hanya, kuma in an ce maka biyar suka fito, biyar ɗin ne. In za ka bi ta nan, ka yi wa ƙwanka alama, ka nemi a kira ka ranar haskawa, ka kuma ce a dawo maka da waɗanda ba su fashe ba. Duk ƙwan da ya yi tafiya, naka ne ko saye ka yi, a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, tsini a ƙasa, kafin a sa shi.

To wanne?

Idan matan kajin da kake da su ba su kai goma ba, kazar gida. Ban ga dalilin da mai kaza uku zai sayi inji da sola da batir ba, alhali kuɗin zai saya masa zakara na biyu daga wani jini, wanda shi ne abin da garkensa ya fi bukata. Idan kuwa kana tara ƙwai 30 ko fiye a mako, kana da masu jiran 'yan tsaki, kana da wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi, kuma kai mutum ne mai iya rubuta lamba safe da yamma ba gajiya, inji ya zama dole, kaji ba za su iya da kai ba. Wanda yake fita tun safe sai dare kuma babu mai duba masa, ko garkensa ya yi yawa, ya yi tunani sau biyu. Kowanne ka zaɓa, ka fi ba da ƙarfi daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, ka sassauta da bazara, ka bar zakaran ya huta a inuwa.

Ni yanzu duka biyun nake haɗawa. Ƙwai yana fara kwana goma a inji, in haska, in fitar da marasa komai. In an dace wata kaza ta zauna a lokacin, masu jijiya mafi kyau nake kai mata ta ƙarasa, domin kwanakin ƙarshe su ne injina ya fi yi mini ɓarna. In kuma a inji suka fito, ina da kazar da ta yi mako biyu ko fiye a kan ƙwan banza, sai in jira dare ya yi, in zare ƙwan, in tura mata 'yan kwana ɗaya ƙarƙashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Da asuba nake komawa da tocila in tsaya in ga yadda ta karɓe su, domin akwai wadda takan sare su, in haka ne kuwa sai a kwashe su a mayar gindin fitila.